Hutun da ba shi da iyaka: me ya sa ma'aikata ke yawan fita da asara?

A watan Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da ma'aikatansa na Amurka masu karɓar albashi tsayayye cewa ya daina ƙirga musu kwanakin hutun shekara. Daga ranar 16 ga watan, duk wanda ke son hutawa sai ya yi magana da shugabansa ya tafi, albashinsa na nan yana shiga, kuma babu wani adadin kwanaki da aka yanka masa. Da wannan mataki Microsoft ya bi sahun Netflix da LinkedIn da General Electric da wasu manyan kamfanoni da suka riga shi rungumar tsarin da masu jin Faransanci ke kira "congés illimités", wato hutun da ba shi da iyaka.

Ga wanda ya ji labarin daga nesa, abin kamar gara ce ta faɗo daga sama. Sai dai shekarun da aka kwashe ana gwada tsarin sun nuna cewa yana da illoli, kuma galibinsu a kan ma'aikaci suke sauka. Wasu kamfanonin da suka fara shi da murna ma tuni suka janye. Tun da yanzu matasa daga Yamai da Yawunde da Kumasi da Kano na samun aiki ta intanet da irin waɗannan kamfanoni, kuma suna cin karo da wannan alkawari a tallan neman ma'aikata, ya dace a san abin da ke ƙunshe a cikinsa.

Daga ina tsarin ya samo asali?

Amurka ce mahaifar wannan tsari, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ita kaɗai ce cikin manyan ƙasashe masu arzikin masana'antu da ba ta da dokar tarayya da ke tilasta wa mai kamfani ya bai wa ma'aikaci hutun shekara da albashi. Dokar ƙwadago ta 1938 ta yi magana kan mafi ƙarancin albashi da kuɗin ƙarin lokaci, amma ba ta taɓo hutu ba. Dokar 1993 kuma, wadda ta ba da makonni 12 saboda haihuwa ko jinya, hutu ne da babu albashi a cikinsa. Don haka kowane kamfani shi ke tsara nasa.

Abin da aka saba shi ne ma'aikaci ya riƙa tara kwanaki kaɗan-kaɗan a duk lokacin biyan albashi. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar sun nuna cewa a kamfanoni masu zaman kansu matsakaicin hutun wanda ya shekara ɗaya a bakin aiki kwana 11 ne, na wanda ya shekara biyar kwana 15, sai wanda ya shekara 20 ya kai kwana 20.

Netflix ne ya yi suna da karya wannan al'ada a farkon shekarun 2000. Hujjar shugabansa na lokacin, Reed Hastings, ita ce tun da kamfanin ba ya ƙirga sa'o'in da mutum ke aiki da dare ko a ƙarshen mako, babu dalilin ƙirga kwanakin da ya huta. A 2014 attajirin Birtaniya Richard Branson ya kwaikwayi tsarin ga ma'aikatan hedikwatar Virgin. A 2015 LinkedIn da General Electric suka biyo baya. Duk da yawan maganar da ake yi a kansa, binciken ƙungiyar jami'an kula da ma'aikata ta Amurka, SHRM, na 2023 ya nuna cewa kamfanonin da ke amfani da shi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ya fi yawa a kamfanonin fasahar zamani da na hada-hadar kuɗi.

Idan babu iyaka, me ke hana mutum hutawa?

Matsala ta farko ita ce cire iyaka ta sama kan tafi tare da cire ta ƙasa. Ma'aikacin da aka rubuta masa kwana 20 ya san haƙƙinsa ne, idan ya nema babu wanda zai kalle shi da wata fuska. Wanda aka ce masa ya ɗauki son ransa kuwa, shi zai auna da kansa kwana nawa ne ba za a ce ya yi yawa ba. Abin ya yi kama da baƙon da aka zaunar a gaban akushin mai gida aka ce ya ci yadda yake so: sau da yawa kunya kan sa ya tsame hannu da wuri, alhali da an zuba masa nasa kwanon da ya cinye.

A 2017 kamfanin Namely, mai sayar da manhajar kula da ma'aikata, ya duba bayanan kamfanonin da ke hulɗa da shi, ya gano cewa masu hutun da ba shi da iyaka na ɗaukar kwana 13 a shekara a matsakaici, yayin da masu ƙayyadadden hutu ke ɗaukar kwana 15. Da kamfanin ya sake dubawa a 2022, ɓangarorin biyu sun zo kusan kai ɗaya, kowanne bai wuce kimanin kwana 12 ba. Ko wanne aka ɗauka cikin binciken biyu, darasin guda ne: kalmar "babu iyaka" ba ta sa mutane sun huta fiye da yadda suka saba ba.

Dama can ma'aikatan Amurka na da ɗari-ɗari da hutu. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2023 cewa kashi 46 cikin ɗari na waɗanda ake bai wa hutu ba sa cinye kwanakinsu. A cikinsu, kashi 49 sun ce suna tsoron aiki ya taru musu, kashi 43 sun ce ba sa son ɗora wa abokan aiki nauyi, kashi 19 na fargabar hutun ya hana su ƙarin girma, kashi 16 kuma na tsoron rasa aikin baki ɗaya. A inda mutane ke barin hutun da aka rubuta musu baƙi da fari saboda irin waɗannan dalilai, share adadin daga takarda ba zai ƙara musu ƙarfin hali ba.

Akwai kuma sharaɗin da kan biyo bayan alkawarin. Lokacin da Branson ya sanar da tsarin, ya ce ana sa ran ma'aikaci zai tafi ne kawai idan ya tabbata ɗari bisa ɗari cewa shi da abokan aikinsa sun kammala abin da ke gabansu, kuma tafiyarsa ba za ta cutar da kamfani ko makomar aikinsa ba. Masu suka sun yi tambayar da ta dace: a wane ofis ne aiki ke ƙarewa ƙaf har mutum ya sami irin wannan tabbaci?

Kuɗin da ke salwanta ranar barin aiki

Illa ta biyu ta shafi aljihu kai tsaye. A tsohon tsari, kwanakin da ma'aikaci ya tara bai ci ba tamkar ajiya ce. A wasu jihohin Amurka, ciki har da Kalifoniya da Kolorado, doka na ɗaukar su a matsayin albashin da aka riga aka yi wa aiki, don haka dole a biya su da kuɗi ranar da mutum ya ajiye aiki ko aka sallame shi. A Kalifoniya, inda yawancin manyan kamfanonin fasaha suke, kotun ƙolin jihar ta tabbatar da haka tun 1982.

A ƙarƙashin sabon tsari babu abin da ake tarawa, saboda haka babu abin da za a biya. A ɗauki misalin ma'aikaci mai albashin dala 52,000 a shekara. Idan aka raba wannan kuɗi a kan kwanakin aiki 260, kowace rana ta tashi dala 200. Idan aka sallame shi yana da kwana 15 a ajiye, zai tafi gida da dala 3,000, abin da zai riƙe iyalinsa na ɗan lokaci kafin ya sami wani aikin. Takwaransa da ke ƙarƙashin hutun da ba shi da iyaka, ko da bai huta ko kwana ɗaya ba a shekarar, haka zai fita hannu rabbana.

Daga ɓangaren kamfani lissafin juyawa yake yi. Kwanakin da ma'aikata suka tara bashi ne da dole a rubuta shi a littafin kuɗin kamfani. Kamfanin da ke da ma'aikata 1,000 masu irin wancan albashi, kowanne da kwana 10 a ajiye, yana ɗauke da bashin dala miliyan biyu ke nan. Da zarar ya koma sabon tsari, wannan bashi ya daina taruwa. Shi ya sa masana harkar ƙwadago da dama ke cewa amfanin tsarin ga mai kamfani tabbas ne, amfaninsa ga ma'aikaci kuwa sai abin da hali ya yi.

Lokacin sauyin ma kan zo da rigima. Microsoft ya biya ma'aikatansa kuɗin kwanakin da suka tara a dunƙule, sau ɗaya. Amma a watan Nuwambar 2014, da kamfanin Tribune Publishing mai jaridar Los Angeles Times a lokacin ya sanar da irin wannan tsari, ma'aikata sun yi ca a kansa, musamman tsofaffin hannu da suka ga za a raba su da abin da suka shekara suna tarawa. Cikin kimanin mako guda kamfanin ya janye.

Komai ya koma hannun shugaba

Duk da sunansa, hutun ba ya samuwa sai da amincewar shugaban sashe. Wannan ne ma ya sa Microsoft da LinkedIn ba su kira nasu "marar iyaka" a hukumance ba, sun ba shi sunan da ke nufin hutun da ake bayarwa bisa ganin dama. A nan illa ta uku take. Mutum biyu masu matsayi ɗaya da albashi ɗaya a kamfani ɗaya, wani zai iya samun mako biyar saboda shugabansa mai sauƙin kai ne, ɗayan ya tashi da kwana takwas saboda nasa shugaban ba ya ɗaga kai daga aiki.

Hastings da kansa ya amince da haka a littafin da ya rubuta tare da Erin Meyer a 2020, inda ya bayyana cewa tsarin ba ya tafiya sai shugabanni na hutawa a fili suna kuma faɗa. Ya sha cewa shi kansa yana ɗaukar mako shida a shekara domin na ƙasa su gani su yi koyi. Ma'anar wannan ita ce hutun ma'aikaci ya dogara da halin wani mutum, kuma hali ba abin da za a kai ƙara a kansa ba ne.

Rashin ma'auni na kuma buɗe ƙofar son kai. Idan aka hana wani aka bai wa wani, da wuya wanda aka hana ya kafa hujja, tun da babu adadin da zai nuna ya ce an tauye masa. Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne sababbin ma'aikata da ke son nuna ƙwazo, da mata masu ƙananan yara da ke gudun a ce sun cika neman uzuri, da baƙin da takardar izinin zamansu a ƙasar ke rataye da aikin. Ga ɗan Afirka da ke aiki a Amurka, zuwa gida ganin iyaye ko aikin Hajji na bukatar makonni a jere, kuma irin wannan doguwar tafiya ce ta fi wuyar nema idan babu kwanakin da mutum zai ce nasa ne ya tara.

Tsohon ma'aikaci ma na da tasa asarar. A da, ƙarin kwanakin hutu na cikin ladan daɗewa a wurin aiki. Yanzu wanda ya shekara 20 da wanda ya zo jiya duk abu ɗaya aka yi musu alkawari. Sannan idan wasu ƴan tsiraru suka riƙa tafiya a kai a kai ba tare da an ɗauki wanda zai riƙe musu aiki ba, nauyin kan koma kan masu kara, waɗanda dama su ne ba sa iya buɗe baki su nema.

Ba kowa ne ma ake bai wa ba. Masu aikin awa, irin su ma'aikatan shaguna da rumbunan kaya da masana'antu, galibi ba sa ciki. A 2022 bankin Goldman Sachs ya ba da hutun da ba shi da iyaka ga manyan jami'ansa kaɗai, ƙananan ma'aikata kuma aka ƙara musu kwana biyu a shekara.

Abin da kotu ta ce da kamfanonin da suka ja da baya

A watan Afrilun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta yanke hukunci a shari'ar da wasu tsofaffin ma'aikata suka shigar a kan EF Intercultural Foundation. Cibiyar ta ce ba ta bin su komai ba su bin ta komai, saboda hutunsu ba shi da iyaka. Kotu ta gano cewa ba a taɓa rubuta tsarin ba, ba a kuma shaida wa ma'aikatan cewa suna iya ɗaukar yadda suke so ba, kuma a aikace ƴan makonni kaɗan suke samu. Ta ce a biya su. Ta ƙara da cewa kafin kamfani ya kuɓuta daga biyan irin wannan kuɗi, sai tsarin ya kasance a rubuce, ya fayyace haƙƙin kowane ɓangare, ya ba ma'aikaci damar hutawa ta gaske, kuma a gudanar da shi da adalci.

Wasu kamfanoni ba su jira kotu ba. Kickstarter ya soke tsarin a 2015 ya koma kwana 25 a shekara, bayan ya lura cewa rashin adadi na sa ma'aikata rasa sanin abin da ya dace su ɗauka. Buffer, wani kamfanin manhaja da ma'aikatansa ke warwatse a ƙasashe daban-daban, ya fara da bai wa mutane kyautar kuɗi don su tafi hutu, daga baya a 2016 ya sa mafi ƙarancin mako uku. Goldman Sachs ma ya haɗa nasa da sharaɗin cewa daga 2023 kowane ma'aikaci sai ya huta aƙalla mako uku a shekara, ɗaya daga ciki a jere. Duk waɗannan gyare-gyare hanya ɗaya suka bi, wato dawo da adadin da aka share.

Ina dokokin ƙasashen yankin suka tsaya?

A ƙasashen da doka ta yanka mafi ƙarancin hutu, tsarin ba zai iya yin irin ɓarnar da yake yi a Amurka ba, domin sai dai ya zauna a kan abin da doka ta bayar. Faransa ta fara da mako biyu a 1936 zamanin gwamnatin Léon Blum, ta kai mako uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982. Tarayyar Turai ta wajabta aƙalla mako huɗu, ta kuma hana a musanya su da kuɗi sai ranar rabuwa da aiki. Yarjejeniya mai lamba 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1970, ta sa mako uku a matsayin mafi ƙaranci.

Ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa na ƙirga hutu ne wata-wata. A Nijar, dokar ƙwadago ta 2012 ta bai wa ma'aikaci kwana biyu da rabi a kowane watan da ya yi aiki, kwana 30 ke nan a shekara. A Kamaru, dokar 1992 ta ba da kwana ɗaya da rabi na aiki a wata, wato kwanakin aiki 18 a shekara. A Ghana, dokar 2003 ta sa aƙalla kwanakin aiki 15, ta kuma ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi ta yafe hutunsa ba ta da inganci. Dokar ƙwadagon Najeriya ta tsaya a kan kwanakin aiki shida bayan wata 12, ko da yake gwamnati da manyan kamfanoni na bayar da fiye da haka.

Sai dai wannan kariya ta wanda doka ta sani a matsayin ma'aikaci ce. Da yawa daga cikin matasan da ke yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet an ɗauke su ne a matsayin ƴan kwangila masu zaman kansu. Irin wannan mutum ba ya ƙarƙashin tanadin hutu na dokar ƙasarsa, ba ya kuma ƙarƙashin ta ƙasar kamfanin. Idan an yi masa alkawarin hutu ba iyaka a baki ko a tallan aiki, abin da aka rubuta a takardar kwangila ne kaɗai zai tsaya masa ranar da aka saɓa. Ga mafi yawan masu neman na kansu a yankin ma, maganar ba ta taso ba: rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa sama da kashi 85 cikin ɗari na ayyukan yi a Afirka ba sa cikin tsarin da hukuma ta sani, inda ranar da mutum bai fita ba babu abin da zai shigo.

Me ya kamata mai neman aiki ya tambaya?

Tsarin na iya yi wa ma'aikaci amfani a inda shugabanni ke hutawa da gaske, ma'aikata suka wadata, kuma aka rubuta komai. Hanyar gane irin wannan wuri ita ce tambaya tun kafin a sa hannu. Ta farko: a bara, kwana nawa ma'aikatan wannan sashe suka ɗauka a matsakaici? Kamfanin da ya ce ba ya ƙirgawa sam, ba shi da hanyar sanin ko mutanensa na hutawa. Ta biyu: akwai mafi ƙarancin kwanakin da aka wajabta, kuma an rubuta shi a takardar ɗaukar aiki?

Bayan waɗannan, ya kamata a san wanda ke amincewa da hutu, da dalilan da za su sa ya ƙi, da inda za a kai kuka idan ya ƙi. A tambayi mako nawa ake iya ɗauka a jere, da wanda zai riƙe aiki, da ko ana sa ran mutum ya riƙa amsa saƙonni yana hutu. A tabbatar ko hutun jinya da na haihuwa da na rasuwa a ware suke ko an cusa su cikin wannan. Wanda kamfaninsa ke shirin sauya tsari kuma, ya nemi a rubuta masa yawan kwanakin da ya tara da ranar da za a biya shi kuɗinsu.

Ga wanda ya riga ya shiga, masu ba da shawara kan harkar aiki kan ce ya yanka wa kansa adadi tun farkon shekara, kada ya gaza abin da dokar ƙasarsa ta tanada, ya sa ranakun a kalandar ofis da wuri, ya kuma riƙa ajiye amincewar shugabansa a rubuce. Idan aka ba mai neman aiki zaɓi tsakanin kwana 25 da aka rubuta da hutun da aka ce ba shi da iyaka, ya tuna cewa na farkon ne kaɗai zai iya ƙirgawa ya kuma nema a gaban sufeton ƙwadago ko alƙali.